Gwangwanin Baba

Gwangwanin yana nan inda Inna ta bar shi, can ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan saƙi biyu da ba ta taɓa yarda kowa ya ɗaura ba. Fentinsa ya goge tun ban san kaina ba, sai ɗan ja-ja da ya rage a gefen murfi, kuma in za a buɗe shi sai an sa bakin wuƙa an ɗan banƙara, ya yi wata 'yar ƙara kamar tsoho ya yi gyaran murya a zaure. Da na buɗe shi shekaranjiya, abin da ya fara dukan hancina shi ne dai wanda na sani tun ina hawa turmi in leƙa: kafur, da tsatsa, da kanumfari, da wani ƙamshi da ba shi da suna sai dai in ce na aljihun Baba. Na daɗe zaune a bakin gado ban taɓa komai ba.

Ba wani abin a zo a gani a ciki. Anini biyu masu huda, da sisi guda da ya yi baƙi ƙirin. Lasin keke, ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a jikin Raleigh, lambarsa ta kusa shafewa. Katin asibiti mai ruwan ƙasa wanda gara ta ɗanɗana gefensa ta bari. Sai ƙunshin takardu goma sha ɗaya, kowace an ninke ta huɗu, an ɗaure su tamau da abawa. Takardun haraji ne.

Na kwance zaren a hankali don kada ya tsinke. Na farkon-farkon da fam da sule aka rubuta su, da tawada shuɗiya wadda yanzu ta koma kalar toka, na bayan kuma naira da kwabo, tun daga 1973 da aka canza kuɗi Inna ta yi wata guda tana rantsuwa cewa an cuce ta a cinikin daddawa. Kowace takarda tana da tabon gumi a daidai ninkin, saboda Baba ba a aljihu yake sa ta shekara ba, a cikin naɗin hularsa take kwana take tashi. In zai tafi kasuwar Bena, ko Zuru, ko tafiyar rani Kontagora, abu na ƙarshe da yake yi a bakin zaure, bayan ya rataya gafaka ya karɓi ƙullin fura daga hannun Inna ba tare da sun haɗa ido ba, shi ne ya kai yatsa biyu gefen hula ya danna, ya ji ƙaran takarda. Sannan ya ce bismillahi ya hau keke.

Ni ban riski 'yan doka ba sai a bakinsa, da jar dararsu da kulkinsu, da yadda suke tare bakin kasuwa bayan an gama yankan dawa su ce kowa ya fito da ta bana. Dogarai na gani da idona, ja da kore, suna rakiyar malamin haraji daga unguwa zuwa unguwa, mai unguwa na gaba yana kiran magidanta da sunayen da babu su a littafi, malamin yana neman su da yatsa a cikin littafi. Wanda ba shi da takarda yakan kwana a gona har ƙura ta lafa. Na gaba da mu sun ce a zamaninsu in saurayi ya yi gardamar bai isa biya ba, hannu ake ce ya ɗaga a leƙa hammatarsa. A ƙarshen 1979 muka ji a Rediyon Kaduna an soke haraji da jangali a Kano da Kaduna, dattawa suka yi ta juya zancen a dakalin masallaci har aka kira isha'i, Baba dai bai ce uffan ba. Da muka dawo gida na gan shi ya cire hula yana duban takardar a hasken acibalbal. Bai iya karatun boko ba. Sunansa kawai ya sani a jiki, kamar yadda mutum yake gane akuyarsa a cikin garke.

Amma kafin a kai ga takarda, fuska ta riga ta gama bayani. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Gwaggo duk gidan har da surukanta, in ta zauna bakin kasuwa da ƙwaryar kuka da kuɓewa busasshiya, ba mai wucewa ba ta faɗa mini daga inda ya fito ba, a ƙasa-ƙasa, goro a kumatu. Wancan Bagobiri ne, dubi zubensa tun daga bakin leɓe har kunne. Wannan Bakabe. Waccan mai tulu a kafaɗa Badakkara ce, ta gangaro daga wajen duwatsu. Ga Bakambare, ga Badukke, ga Bafillace da sandarsa a wuya. Ba ta taɓa kuskure ba, ko kuwa dai ba wanda ya isa ya kama ta da kuskure. Ni 'yar baka kaɗai wanzami ya yi mini ranar suna, gajeru uku-uku, aka shafa baƙin tukunya, kuma an ce na yi kukan da sai da ragon suna ya tsorata. Gwaggo takan kama haɓata ta juya fuskata wajen haske ta ce ko a Gwanja na ɓata za a dawo da ni. Ban san inda Gwanja take ba. Na ɗauka bayan Bena ce kaɗan.

Akwai kuma tsagar gwamnati, wadda ba ta tambayar asalin kowa. Masu lamba sukan zo da farar mota da wani abu kamar bindiga, mu kuwa da mun ji ƙugin injin sai cikin karan dawa, a bi mu a zaƙulo ɗaya bayan ɗaya, mai unguwa na riƙe da tsumagiya. Tabon yana nan a damtsena na hagu, zagayayye kamar an ɗora anini mai zafi. A 1980 aka ce agana ta ƙare a duniya baki ɗaya, daga nan aka daina. Shekaru da yawa bayan haka, a Mina, cikin harami, wani dattijo ɗan Indunusiya ya zauna kusa da ni kafaɗarsa a buɗe, na ga irin tabona sak a damtsensa. Na nuna masa nawa. Ba mu da yare ɗaya, muka yi ta dariya kamar 'yan unguwa ɗaya da suka haɗu a tasha.

Na taɓa ɓata kuwa, kuma ba a Gwanja ba. Ina da kamar shekara bakwai Baba ya ɗauke ni a bayan keke zuwa kasuwar Bena, ya zaunar da ni wajen mai ƙosai ya ce kada in motsa, ni kuma na ga mai wasa da kura na bi bayansa har na rasa gabas. Na tuna ƙurar kara, da warin kashin shanu da na man gyaɗa mai ƙuna, da yadda ƙafafun mutane suka yi mini yawa, duk tsagaggun dugadugai iri ɗaya. Wani mahauci ya tsuguna a gabana, hannunsa duk maiƙo, ya ce da irin harshenmu na nan yamma, "Kai ɗan wa na?" Na faɗi sunan Baba na yanka, ya girgiza kai. Na faɗi laƙabin da abokansa suke kiransa da shi, wanda in na faɗa a gida sai na sha mari. Nan take ya ce, "Af, na Wasagu? Mai keken nan?" Ya miƙa ni ga mai gishiri, mai gishiri ya miƙa ni ga wani dillali, dillali ya saɓa ni a wuya har rumfar da Baba yake tsaye yana ciniki. Bai ma san na ɓata ba.

A kasuwar nan na ga an sayar da bijimi ba a rubuta ko harafi ba. Baƙo ya sauka gidan fatomansa, fatoma ya tsaya masa, dillali ya haɗa hannun mai saye da mai sayarwa a ƙarƙashin hannun riga, a ce albarka, a ba shaidu goro da ɗan abin la'ada. In bayan wata uku aka ce san na sata ne, ba baƙon za a nema ba, ƙofar fatoma za a buga. Shi ya sa fatoma ba ya saukar da wanda bai san wanda ya san shi ba. Duk wannan ina kallo ne kawai a lokacin, ina lasar yatsa, ban san ana wani abu ba.

Sai 1976, shekarar UPE, aka bi gida-gida ana rubuta yara. Aka jera mu a gindin wata ɗorawa, hedimasta yana zaune a kujerar katako da babban littafi a cinya, kowa ya zo a ce ya ɗora hannun dama ta saman kai ya kamo kunnen hagu. Na kamo nawa har da rara. Aka tambayi Baba shekarar haihuwata, ya ce ana yankan dawa, shekarar da ƙanensa ya tafi soja. Hedimasta ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ƙanƙanta, ya rubuta 1 ga Janairu, 1970. Rabin ajinmu ranar nan aka haife mu. Kawu kuwa yaƙi na tsakiya ya tafi, ya dawo bayan an gama a Janairun 1970 ya tarar ina gudu tsirara a tsakar gida, don haka ko yaya aka lissafa, alƙalamin hedimasta ya rage mini shekara biyu. Har yau a takarda ni ƙanen kaina ne.

A ranar kuma aka ƙara mini suna. Mu huɗu ne masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a layin, sai aka liƙa wa kowa garinsu ko unguwarsu, ni aka ce Wasagu. Da na koma gida na faɗa wa Gwaggo sabon sunana, ta ce to, sarki ma bai haɗiye garin duka ba sai kai. Wannan yaron na littafi, mai suna uku da ranar haihuwa, shi ya ci jarrabawa, shi aka ɗauka aikin koyarwa, shi ake biya albashi. Ni ina biye da shi ne kawai ina amsawa in an kira. Kuma shi ya fi ni yawo: an haife shi a Jihar Arewa maso Yamma, ya yi firamare a Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta, 1991 ya wayi gari a Jihar Kebbi, alhali zauren gidanmu bai gusa ko taki ɗaya ba.

Kawu shi ne mutum na farko da na sani mai lamba a ka. Ƙasar Zuru ba gidan da ba shi da soja, ko na Bama ko na basasa, kuma mazan jiyan nan duk halinsu ɗaya, ka tashe su cikin dare su karanto maka lambarsu ba gargada, ko da sun manta abin da suka ci da rana. Littafin sallamarsa yana naɗe a cikin leda, ledar a cikin safa, safar a cikin wani tsohon takalmin soja da ba ya sawa. Ranar karɓar fansho yakan aske gemu da reza sabuwa, ya goge lambobin girmansa da toka da lemun tsami, ya tafi a miƙe kamar an zare shi daga kube. Ya taɓa dawowa ransa a ɓace, wai an ce sai ya kawo shaidar cewa yana raye. Ya ce da Baba, "Yaya, ga ni tsaye gaban yaron, ina numfashi, yana tambayata takarda." Baba ya ce ai da ka yi masa tari.

Lokacin da Kawu yake bariki, kuɗin da yake aikowa ta gidan waya suke zuwa, kuma ba a ba mutum sai wani sananne ya sa hannu cewa shi ne. Baba yakan ɗauki hedimasta a bayan keke, ko su hau motar katako tare har Zuru, ya biya masa kuɗin mota ya saya masa tsire. A gaban kanta a kama babban yatsan Baba a danna a tawada a danna a takarda, ya fito yana goge shi a cikin hula. Kwana uku shuɗin yake yi bai fita ba, kuma ina jin da gangan yake ƙin wanke shi sosai, don a majalisa a san ɗan'uwansa ya yi aike.

Hotona na farko ma yana cikin gwangwanin, a can ƙasa, ya manne da murfin wata tsohuwar ambulan. Na 1982 ne, da za mu tafi makarantar gaba aka ce kowa ya kawo fasfo huɗu da takardar shaidar ɗan ƙasa daga ƙaramar hukuma, da sa hannun hakimi. Muka tafi Zuru mu shida da farar riga guda ɗaya ta aro. Mai hoton yana da akwati mai ƙafa uku da baƙin mayafi da yake cusa kai a ciki, ya rataya wani zane a bangon kanti, ya ce kada wanda ya ƙifta ido, kada wanda ya yi dariya. Ni ne na biyar a layin rigar, ta riga ta jiƙe da gumin mutum huɗu, wuyanta ya yi mini yawa har ana ganin ƙashin wuyana. Ina duban yaron nan yanzu, idanunsa a zazzare kamar an kama shi da satar mangwaro, kunnuwa a baje, 'yar bakarsa ta fito raɗau, ina tambayar kaina me yake tunani a wannan daƙiƙa. Na san amsar. Yana tunanin ko akwatin zai zuƙe masa jini, don haka wani ɗan ajinmu ya rantse mana a mota.

Da na kawo hoton gida Inna ta karɓa ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta ce wannan ai ba shi ba ne, wannan mara lafiya ne. Amma ta ɓoye ɗaya.

Daga nan katuna suka yi ta zuwa kamar fara. Katin makaranta, katin aiki, katin ƙungiyar malamai. Katin zaɓe na takarda da ake ba mu duk lokacin da soja suka ce za su sauka, ko da yake a zaɓen gwamnoni na Disambar 1991 layi muka yi a bayan hoton ɗan takara aka ƙirga mu kamar tumaki, kowa na ganin inda surukinsa ya tsaya. A 2003 aka zo rajistar katin ɗan ƙasa, aka auna tsawonmu a jikin bango. A 2011 aka ce a yi rajistar layin waya. A 2014 bankuna suka kawo BVN, lamba goma sha ɗaya. A 2015 katin zaɓe ya zama na roba, da na'urar da ke karanta shi. Sai NIN ta hukumar NIMC, ita ma lamba goma sha ɗaya, wadda a Disambar 2020 aka ce duk wanda bai haɗa ta da layinsa ba za a rufe masa waya. Na haddace Yasin ina ɗan shekara goma, amma waɗannan lambobi ashirin da biyu sun gagare ni, a bayan kalandar ɗaki na rubuta su.

Kuma kowace ƙofa da irin makullin da take so. Banki zai karɓi takardar NIN, ko katin zaɓe, ko lasin tuƙi, ko fasfo, amma katin aikina da na yi shekara talatin ina ratayawa ko kallo bai ishe shi ba. Rumfar zaɓe ba ta san kowa ba sai katin zaɓe, ko da fasfo goma ka zo da shi. Ɗana ba zai rubuta JAMB ba sai da NIN. Neman gurbin karatu ko aikin ɗamara, sai takardar asali daga sakatariya a Ribah, ita kuma ba ta fita sai mai unguwa da hakimi sun ce sun san gidanku, wato dai an zaga an zaga an dawo gindin ɗorawa. Masauki a Birnin Kebbi kowane kati mai hoto ya wadatar. Mai POS na bakin tasha ba ya tambayar komai, fuskata ya sani, har bashi yake ba ni in na'ura ta ƙi. A shingen hanya kuwa ya danganta da wanda ka tarar da kuma ƙarfe nawa ne: wani katin ƙungiyar 'yan kabu-kabu ma ya ishe shi, wani sai ya haska fuskarka ya haska katin ya sake haska fuskarka, ya ce, "Baba, wannan kai ne kuwa?" In ce ni ne, ɗana, kafin furfura.

Wata uku na taɓa yi albashina na maƙale a wani banki saboda suna biyu. A takarda ɗaya an rubuta sunan Baba yadda liman ya raɗa shi, a wata an rubuta yadda gari ke kiransa. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san Garba shi ne Abubakar, Shehu shi ne Usman, amma kwamfuta ba ta sha ba. Sai da na je kotu na yi rantsuwa, aka buga hatimi, cewa ni ne ni kuma ubana shi ne ubana. Yarinyar da ke kan teburin tana da ladabi, sa'ar 'yata ce, ta yi ta ba ni haƙuri tana cewa ba laifinta ba ne. Na san ba laifinta ba ne. Na koyar da irinta fiye da dubu, kuma ni ma da hannuna na rubuta wa wasunsu 1 ga Janairu.

Wadda ba na mantawa ita ce ranar da na kai Inna rajistar NIN. Layin wayarta ake barazanar rufewa, wayar da ba ta iya kira da ita sai dai ta amsa, tana ɗaure a bakin zane tare da goro. Muka yi sammako, muka samu layi har ya zagaya bayan gini, wani yaro mai kirki ya ba ta benci. Da aka zo kanta, ma'aikacin ya ce, "Mama, sunan mai gidanki?" Ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya da ƙarfi, yana zaton kunne ne. Ta ce, "Malam." Ya ce Malam wa? Ta ja mayafi ta rufe baki. Shekara hamsin da wani abu, har ya koma ga Allah, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ba kuma a gaban wani ɗan yaro mai kwamfuta zai fara fita ba. Na faɗa masa. Ya ce to wa za a rubuta makusancinta? Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wannan." Ni ɗan fari ne. Ban taɓa jin sunana a muryarta ba, ko sau ɗaya, ko ina ciwo.

Sai aka zo yatsu. Ta ɗora a kan ɗan gilashin nan mai koren haske, ba abin da ya fito. Aka goge da auduga, aka ce ta shafa a goshi ta samu maiƙo, aka danna, aka jujjuya, shiru. Dutsen niƙa da taɓarya da tokar sabulu da ƙaiƙayin gero da igiyar guga sun cinye zanen tas, yatsun sun yi sumul kamar bayan ludayi. Ma'aikacin ya yi ta gwadawa har gumi ya keto masa, daga baya ya ce akwai yadda ake yi wa tsofaffi, ya rubuta wani abu. Inna ta dubi tafin hannunta ta dubi na'urar, ta ce da ni a hankali, "Ka ce masa ya yi haƙuri, sun ƙare wajen aiki." A hanyar komawa ba ta yi magana ba sai da muka wuce Ribah, sannan ta ce ita dai hoton bai yi kama da ita ba. Kama da wane ba ta wane, in ji ta, ta gyara ɗaurin wayarta.

Damina biyu ke nan da rasuwarta. Na ɗauko adakar na kawo nan Zuru inda nake zaune, don gidan na Wasagu yanzu ba kullum ake kwana cikinsa da ido biyu rufe ba, kuma hanyar Bena da Baba yake bi da keke shi kaɗai da asuba, yau ko mota sai ta jira 'yan'uwanta. Baƙin fuska sun yi yawa a gari, mutanen ƙauyuka da suka baro gonakinsu da 'yan ƙullin kaya a ka, wasu sun fito ba ko takalmi balle takarda. Ba wanda ke tsugunawa ya ce kai ɗan wa na. In ma an tambaya, da wata murya ake tambaya.

Ranar Talata bayan magariba aka yi sallama a ƙofa. Saurayi ne, bai fi ashirin ba, ya tuɓe silifas tun daga nesa ya durƙusa. Ya ce daga wajenmu yake, ƙauyensu ya tashi, ya samu mai ba shi babur ya riƙa kabu-kabu amma an ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya ce, "Baba, ni jikan wane ne," ya kira sunan wani mutum da na ci tuwo a zaurensa ba sau ɗaya ba, abokin tafiyar Baba, wanda ya taɓa ɗinke mini ƙafa da na taka kwalba. Na dubi fuskar yaron a hasken ƙwan ƙofa. Sumul take, ba tsaga ba bille, irin ta 'ya'yana. Na nemi tsohon a goshinsa da hancinsa ban same shi ba, ko kuwa na manta kamannin tsohon ne, ban sani ba. Gwaggo da kallo ɗaya za ta yanke. Ni sai na ji bakina yana cewa, "Kana da kati?"

Bai ji haushi ba, alamar ya saba. Ya zaro wata leda daga cikin wando, ya warware ta ninki uku, ya miƙo mini takardar NIN da hannu biyu, an manne ta da roba, gefenta ya fara ɗagowa. Na kunna fitilar waya na karanta. Sunansa, sunan ubansa wanda ban sani ba, lamba goma sha ɗaya. Sunan kakan ba ya ciki, ba a yi masa gurbi ba. Na tambaye shi wace bishiya ce a ƙofar gidan kakan nasa, ya ce tsamiya ce amma an sare ta tun yana ƙarami, kututturen ne suke zama a kai. Na ce a kawo masa tuwo.

Na sa hannu washegari. Na kuma ce ya kawo mini kwafin takardar in ajiye, ya kawo, har da ɗan hotonsa guda a maƙale da allura, idanu a zazzare. Na yi ta zagaya ɗaki da ita a hannu ban san inda zan sa ta ba, ba ta shiga fayil ɗin makaranta, ba ta shiga cikin takardun gida. Daga ƙarshe na jawo adakar daga ƙarƙashin gado, na ɗage zannuwan saƙin, na nemo wuƙa.

Sai da na ninke ta huɗu sannan ta shiga.